Ku Tambayi Anti: Ina so in fara fodkas na addu'a da Hausa, ta ina zan kama?

TAMBAYA: Anti barka da aiki, ya gida ya yara. Ni ɗaliba ce a nan Samaru, 'yar Katolika, ina cikin kwaya. Tun bara nake sauraron fodkas, wato shirin murya da ake ɗorawa a intanet kashi-kashi, na Littafi Mai Tsarki a waya, gaskiya ya taimake ni sosai, to amma duk da Turanci ne. Mamata tana ƙauye ta wajen Ikara, idonta ya yi rauni ba ta iya karatu yanzu, kuma Fada ba kowace Lahadi yake isa wurinsu ba. Shi ne na ce ko in fara nawa da Hausa, karatun ranar da ɗan addu'a. Abin da nake da shi waya ce kawai, kuma ina tsoron kar a ce wa ya aike ni tunda ni ba Sista ba ce ba katikis ba. Dan Allah ki ba ni shawara.
'Yarki daga Samaru

AMSA: 'Yata sannu, Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Bari in fara da tsoron naki don shi ne mai sauƙi. Ikilisiya ba yau ta fara magana ta na'ura ba, tun 1931 Fafaroma Pius na 11 ya buɗe gidan rediyon Batikan, kuma Marconi da kansa, mutumin da ake danganta ƙirƙiro rediyo da shi, shi ya haɗa musu kayan. A 1963 babban taron Batikan na biyu ya fitar da takarda sukutum a kan kafafen yaɗa labarai, Inter Mirifica sunanta, kuma ba Fada-Fada kaɗai ta ɗora wa aikin ba har da mu 'yan kan benci. Ga kuma Carlo Acutis, yaron Italiya da ya rasu a 2006 yana ɗan shekara 15, shafin intanet ya gina a kan mu'ujizan Jibin Ubangiji, yanzu haka yana cikin tsarkaka tun Satumban 2025. To in an ce wa ya aike ki, ki ce baftisma.

Amma fa kar ki ji haka ki yi gaban kanki. Kafin ki danna komai ki je ki sami Fadanku bayan Mas, ki ce Fada ga abin da nake so in yi, ki kunna masa na gwaji ya ji da kunnensa. Dalili kuwa, karanta nassi da jan addu'a daban, fassara koyarwa daban, kuma mutanen ƙauye in suka ji murya ta fito daga na'ura da sunan Katolika ɗauka suke daga bakin Bishop ta fito. Kin ga kenan kuskure ɗaya a kan aure ko baftismar jarirai sai ya zagaya ƙauye biyar kafin ki farga. Ki tsaya a kan abin da kika sani, tambaya mai nauyi in ta zo ki kai wa Fada ko katikis ya amsa da muryarsa, wannan ma zai ƙara wa shirin armashi.

Ina zargin wanda kike saurare shi ne Bible in a Year na Fada Mike Schmitz na Amurka, wanda ya fara ranar 1 ga Janairun 2021, kashi 365, kullum kamar minti ashirin da wani abu, har sai da ya hau na ɗaya a jerin Apple Podcasts ya doke shirye-shiryen siyasa da na labarai. Ni ma na bi shi, ban kai ƙarshe ba kar in yi miki ƙarya, a littattafan Sarakuna na zube. Abin da za ki koya a wurinsa ba kayan aiki ba ne, tsari ne, kullum abu ɗaya a lokaci ɗaya, karatu, addu'a, ɗan bayani, shikenan. Amma in don Mama ne ni na fi so ki leƙa Pray As You Go na 'yan Jesuit na Birtaniya, wata ƙungiyar Fada-Fada ce ta Katolika, tun 2006 suke yi, minti goma zuwa sha uku, waƙa kaɗan, nassi, tambaya ɗaya ko biyu, sai su yi shiru su bar ki da Ubangijinki. Wannan shirun shi ne mu ba mu iya ba, mu in mun riƙe makirfo sai mun cika ko'ina da surutu kamar masu tallan magani a tasha.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne da kyau. Ke kina Samaru kina da data, kina tunanin Spotify. Mama fa? Na ci amana wayarta mai maɓalli ce, ko kuma irin ƙaramin rediyon nan mai cin memori da ake caji da rana. Shirin da ya tsaya a Spotify ko YouTube bai isa Ikara ba ko da mutum dubu sun danna masa a Legas. Murya a ƙasar nan tana da hanyoyinta da ta saba bi tun kafin a san kalmar fodkas, wadda ma sai 2004 aka ƙirƙiro ta. Dubi yadda 'yan'uwanmu Musulmi suka daɗe suna yi da karatun malamai, daga kaset zuwa CD zuwa memori, ka shiga keke daga Kwangila zuwa PZ tafsiri na tashi, mai shayi na zuba maka yana saurare, ba wanda ya tambayi data. Hanyar kenan, ba sai kin ƙirƙiro sabuwa ba. Ki ɗora a intanet don 'yan makaranta da na birni, akwai Spotify for Creators kyauta ne, amma ki fitar da kowane kashi a MP3, ki tura ta WhatsApp zuwa zaurukan Zumuntar Mata da na matasa, sannan ƙarshen wata ki tara na wata guda a memori ki ba direban da ke zuwa garinku ran kasuwa, ko katikis in ya shigo Sabon Gari taro. Daga waya ɗaya Bluetooth da Xender za su ƙarasa sauran. Lissafin ma ba shi da tsoro, in kika saita ingancin murya a 64 kbps minti ɗaya kusan rabin MB ne, minti goma MB biyar, wata guda cur bai wuce 150 ba. Ki sa wa fayil suna da lamba a gaba, 01, 02, 03, don ƙananan rediyoyin nan ba su san kwanan wata ba, in ba haka ba Mama za ta ji Ista kafin Juma'a Mai Kyau.

Maganar kayan aiki kuwa wayarki ta isa. Abokin gabarki hayaniya ne ba rashin makirfo ba. Ni na taɓa ɗaukar mata suna Rosari a ɗakin taro, muka gama lafiya kowa na murna, na dawo gida na kunna sai ka ce a gidan injin niƙa muka yi, ashe fankar sama ce na manta ban kashe ba, ga kuma wata baiwar Allah kusa da ni tana ta kaɗa carbinta a jikin benci ƙwas ƙwas har ƙarshe. Tun daga nan na koyi darasi. Ki shiga ɗaki mai labule da katifa, ki rufe taga, ki sa wayar a yanayin jirgi kar kira ya katse ki, ki ajiye ta kamar taƙi ɗaya daga bakinki a ɗan karkace. Lokacin da ya fi shi ne bayan an idar da sallar asuba kafin 'yan acaɓa su fito, ko dare in maƙwabta sun kashe janareta. Da rana kuma ku na wajen Samaru da Palladan kun san ƙananan jiragen makarantar koyon tuƙin jirgi, in ya taso ki dakata ya wuce kawai, daga baya ki yanke wurin, manhajar gyaran murya Audacity kyauta ce a kwamfuta.

Sai Hausar kanta. Kar ki zauna ki fassara shirin Turawa kalma da kalma, na ji irinsu, Hausa ce a baki amma ba mai ganewa. Ki yi magana kamar kina zaune a tabarma gaban Mama tana tsinke zogale. Addu'o'in da aka haddace, Ubanmu da A Gaishe Ki Maryamu, ki faɗe su daidai yadda ake faɗa a cocinsu kar ki gyara ko harafi, tsoho in aka canja masa kalma ɗaya a addu'a sai ya tsaya cak. In Rosari ne ki ja rabin farko ki bar gurbi su amsa, ki ƙirga a zuciyarki da saurin tsofaffi ba naki ba. Ki kuma duba Littafin da ke hannunki, an gama fassara shi da Hausa tun 1932 kuma Dokta Miller na nan Wusasa na cikin waɗanda suka yi aikin, amma yawancin wanda ake sayarwa mai littattafai 66 ne, namu na Katolika 73, to ranar da karatu ya faɗo a Tobit ko Hikima ko Makabi sai ki nemi mai cikakken a ofishin coci. Abu ɗaya da zan ja miki kunne, kar ki taɓa addinin kowa ko ɗarikar kowa ko da wasa. Zariya ce nan, murya kuma ana yanke ta a tura rabi, abin da kika faɗa minti tara na alheri ba shi za a ji ba.

Ki faɗa wa Mama kuma, da bakinki a cikin shirin, cewa wannan ba ya maye Mas. Batikan ta faɗa ƙarara tun 2002 cewa babu sakramenti a intanet, ba a karɓar Jibin Ubangiji ta sifika, ba a furta zunubi ta saƙon murya. Wanda ciwo ko nisa ya hana shi zuwa ba laifi a kansa, ya saurara ya yi addu'arsa, amma ranar da Fada ya iso ƙauye a kashe rediyo a tafi.

Kar ki yi alkawarin kullum tun farko, jarrabawa na nan tafe. Ki ɗauki kashi bakwai ki ajiye kafin ki saki na farko, ki fara da sau biyu a mako, Oktoba watan Rosari ko farkon Azuminmu na kafin Ista lokaci ne mai kyau na buɗewa. Na farkon ki tura wa Mama ita kaɗai tukuna, bayan kwana biyu ki kira ta ki tambaye ta a ina ta daina ji, a ina kika yi sauri. In kin gyara ki turo min na biyun ta adireshin mujalla in ji, akwai wata tsohuwa maƙwabciyata a Muciya da zan kai wa.