Amsa ga ƙanena mai son aikin otal a Dubai

Ƙanena, na saurari saƙon muryarka. Ka ce wani ejan ya yi maka alkawarin aikin otal a nan Dubai, zai kawo ka da bizar ziyara, in ka sauka a mayar da ita ta aiki, kuma kana so in sa baki Baba ya sayar da filin nan a biya shi. Ba zan sa ba. Kuma don Allah ku daina auna rayuwata da hoton da na ɗauka a gaban Burj Khalifa ranar hutu.

Dokar ƙasar nan ta hana aiki da bizar ziyara, kuma wanda zai ɗauke ka aiki shi doka ta ɗora wa kuɗin biza da kuɗin ɗaukar ma'aikaci. Duk wanda ya ce ka biya, cinikinka yake yi. In bizar ta ƙare ba a juya ta ba, tarar dirhami 50 ce ke hawa kanka kowace rana. Ka je unguwar Naif a Deira da daddare ka ga 'yan'uwanmu da aka yi wa irin wannan alkawari, suna dakon kayan 'yan kasuwa suna ɓuya. Afuwar da aka yi wa waɗanda bizarsu ta ƙare, daga Satumba zuwa Disamban 2024, ce ta ba da yawansu damar komawa gida, hannu rabbana. Ka kuma tuna an rufe wa 'yan Najeriya biza a 2022, sai a Yulin 2024 aka buɗe, da sharuɗɗa masu tsauri.

To, a ce ka samu aikin. Kana jin a teburin karɓar baƙi za a ajiye ka da kwat? Gyaran ɗaki za ka fara, ko wankin tukwane a kicin. Ni da gyaran ɗaki na fara. Bas ke ɗaukar mu tun duhun asuba daga masauki a Al Quoz, inda muke kwana a gado mai hawa biyu, ni da 'yan Nepal da 'yan Uganda. Kana isa a miƙa maka takardar ɗakuna, ka turo kurar tawul da zannuwan gado. Kowane ɗaki sai ka ɗaga katifa ka soke zani ta kusurwa huɗu, ka durƙusa ka wanke masai, ka tsince gashi daga magudanar wanka. Shugabar sashe ta biyo bayanka tana shafa yatsa a saman ƙofa. Ƙura kaɗan, ka sake daga farko. Maganin wanke banɗaki ya tsattsaga mini hannu, bayana kuwa har yau sai na dafa bango nake miƙewa daga sujada.

Abin da ya fi ci mini rai ba gajiyar ba ce. Baƙo ya nemi agogonsa ya rasa, kafin a tambayi kowa an kira ni, an zazzage akwatin ajiyata a gaban abokan aiki. Daga baya aka ga agogon a aljihun jakarsa. Ba wanda ya ce mini yi haƙuri, kuma washegari dole in yi masa murmushi a lifta. Ga kwalaben giya da za ka kwashe, ka cika ƙaramin firjin ɗaki da wasu. Kai da ko gidan biki ba ka zuwa in akwai kiɗa, ka tambayi zuciyarka tun daga gida.

Albashin mai gyaran ɗaki, a abin da na gani, dirhami 1,000 zuwa 1,500 ne. Na san ka riga ka buga shi da naira. Buga da kuɗin kati da sabulu da buƙatun gida tukuna. Kuma akwai bambanci babba tsakanin wanda otal ya ɗauka da kansa da wanda kamfanin 'yan kwangila ya kawo. Yunifom ɗaya, aiki ɗaya, amma na otal yana da rabo a kuɗin hidima da ake cajin baƙi, na ɗan kwangila sau da yawa sai kallo. A takarda awa 48 ne a mako. Daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da baƙi ke cika gari, kada ka ma duba agogo. Garatuti kuwa, wato kuɗin sallama in ka bar aiki, albashin kwana 21 ne a kowace shekara cikin biyar ɗin farko, kuma da tsurar albashi ake lissafa shi ban da alawus, shi ya sa suke ƙanƙanta tsurar a kwantiragi.

Yau ni ne nake raba takardar ɗakuna, alhamdulillahi, da gumina na gina wa Inna ɗaki. Amma ni kai tsaye otal ya ɗauke ni, fasfona kuma yana hannuna, don doka ta hana a riƙe shi.

Ka ce wa ejan ɗin ya ba ka takardar tayin aiki ta ma'aikatar ƙwadago, wato MOHRE, mai lamba da sunan kamfani da albashi a jiki. Ka turo mini in duba ta a shafinsu. Kafin nan kada ka ba shi ko kwabo, kada ka ba shi fasfonka. Ka gaishe da Inna.