Tambaya da Amsa: Kwaltar Titin Jirgin Sama, Tsakanin Santsi da Ɗorewa

Wasiƙun wannan fitowa sun karkata ga filin jirgi, musamman titin da jirage ke sauka da tashi a kansa. Mun zaɓi huɗu, injiniyoyin shafin suka amsa.

Tambaya: Ni direban tirela ne daga Kano. Na ga hoton titin jirgi an yi masa tsage-tsage a gicciye kamar tsagar gado a fuska. Mu a hanya, kwalta in ta tsage ta mutu ke nan. Me ya sa su da gangan suke tsaga tasu?

Amsa: Malam direba, saboda ruwa ake yi. Tayar jirgi ba ta tsoron busasshiyar kwalta. Matsalar tana farawa idan ruwa ya kwanta, taya ta zo da gudun da ruwan ba zai samu lokacin kaucewa daga ƙarƙashinta ba. Sai ta hau kan ruwan, ta rabu da ƙasa, birki ya zama banza. Binciken hukumar NASA ta Amurka na shekarar 1963 ya ba da lissafin gudun da hakan ke faruwa, kuma ya dogara ne da iskar da ke cikin tayar. Tayar ƙaramar mota geji 32 zuwa 35 take sha, taka ta tirela ɗari da 'yan kai, ta jirgin Boeing 737 kuwa kusan 200. A wannan geji taya kan fara hawa kan ruwa a wajen kilomita 235 a awa, alhali jirgin yana taɓa ƙasa da gudun kilomita 250 zuwa 260. Ka ga a daƙiƙun farko na sauka, in ruwa ya kwanta, jirgin yana cikin haɗari tun kafin matuƙi ya taka birki.

Tsagin nan magudana ce. Ma'aunin da hukumar jiragen saman Amurka ta tsayar, wanda ƙasashe da dama suka ara, shi ne faɗi milimita 6, zurfi milimita 6, tazara milimita 38 daga tsakiyar wani tsagi zuwa na gaba. Da injin mai jerin faifan zarto masu bakin lu'ulu'u ake yanka su. Taya in ta danna, ruwan ya tsere ta cikinsu zuwa gefe. Amma tsagi ba ya aiki shi kaɗai. Dole titin ya yi ƙusumbi a tsakiya, ya gangara hagu da dama da kashi 1 zuwa 1.5 cikin ɗari, kamar yadda hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta tanada ga titin manyan jirage. In babu gangaren, ruwan zai cika tsagin ya zauna.

Kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawa. Sabuwar kwalta tana da laushi, ana so a bar ta kamar kwana 30 kafin a sa mata zarto. In aka yanka da wuri, bakin tsagin ya ɓarɓashe, ko kuma tayoyi su matse shi ya rufe, musamman wurin da jirgi ke juyawa a hankali cikin rana. A tsawon kwanakin jiran nan wajibi ne a sanar da matuƙa cewa titin na iya yin santsi in ya jiƙe. A ranar 17 ga Yuli 2007 jirgin kamfanin TAM ya zarce titin filin Congonhas a birnin Sao Paulo na Brazil, mutum 199 suka rasu. Titin ya sha sabuwar kwalta, ba a kai ga tsaga shi ba, kuma a jiƙe yake. Bincike ya ɗora babban dalilin a kan yadda aka bar sandar wutar injin guda ba a mayar da ita baya ba, don haka kada a ce rashin tsagi ne ya kashe su. Sai dai jiƙaƙƙen titi mai santsi ba ya yafe wa matuƙi kuskure.

Tambaya: Ni ma'aikaciya ce da ke yawan tafiya tsakanin Abuja da Sakkwato. Wane abu ne baƙi ƙirin nake gani a farkon titi inda jirgi ke dira? Kuma wa ke auna ko titin ya yi santsi?

Amsa: Hajiya, robar taya ce. Kafin jirgi ya dira tayoyinsa ba sa juyawa, to da sun taɓa ƙasa sai su gurzu na ɗan lokaci kafin su kama gudu. Hayaƙin da kike gani ke nan, robar kuma ta narke ta manne. Yau da gobe sai ta toshe kaushin kwaltar, ta cike tsagin. A rani ba a jin illarta sosai. Ruwan farko na damina ne ke tona asiri, lokacin da ya haɗu da robar da ƙurar hunturu da ta yi watanni tana taruwa, wurin ya koma kamar an shafa sabulu. Shi ya sa a filayenmu na arewa lokacin da ya fi dacewa a wanke roba a share tsagi shi ne ƙarshen bazara, kafin hadari ya fara haɗuwa.

Awo iri biyu ne. Na farko ko ke za ki iya yin sa. A zuba yashi mai laushi mililita 25 a kan kwalta, a murza shi da faifan roba yana zagaye har ya shige ramukan ya daidaita da kan tsakuwa, sannan a sa rula a auna faɗin da'irar. In ta tsaya a wajen sentimita 18, zurfin kaushin ya kai milimita 1, abin da ake so ga sabon titi ke nan. In ta baje har sentimita 25, zurfin rabin milimita ne kawai, titin ya fara sulɓi. Na biyu da na'ura ake yi, mota tana jan ta a gudun kilomita 65 da kuma 95 a awa, tana fesa ruwa mai kaurin milimita 1 a gaban tayar awo. A na'urar Mu-Meter, a gudun 65, sabon titi ya kamata ya ba da ma'aunin riƙon taya 0.72. In ya sauko 0.52 a fara shirin gyara, in ya gaza 0.42 a sanar da matuƙa a kuma yi aikin nan take.

Yawan awon ya danganta da yawan sauka. A jadawalin Amurka, bakin titin da jirage masu injin jet ƙasa da 15 ke sauka kullum, sau ɗaya a shekara ya wadatar. Mai sama da 210 kuwa kowane mako. Ana cire robar da ruwa mai tsananin matsi, ko da sinadari, ko da harbin ƙananan ƙwallayen ƙarfe. Ruwan ya fi yawa a aiki, amma yana son gwanin hannu: matsi in ya yi yawa ko motar ta yi jinkiri wuri guda, sai ya kwashe har da man kwaltar, tsakuwa ta fara zubewa.

Tun 4 ga Nuwamba 2021 duniya ta koma tsari guda na ba matuƙi rahoton yanayin titi, lamba 6 zuwa 0. Busasshen titi 6 ne, jiƙaƙƙe da ruwan da bai wuce milimita 3 ba 5, jiƙaƙƙe mai santsi 3, wanda ruwa ya kwanta sama da milimita 3 kuwa 2.

Tambaya: Ni ɗalibin injiniyan gine-gine ne a Zariya. A 2017 an rufe filin jirgin Abuja mako shida saboda titi. Me ke kashe kwaltar titin jirgi a ƙasa mai zafi, kuma wane haɗi ne ya fi?

Amsa: Haka aka yi, ɗalibi. Daga 8 ga Maris 2017 aka karkatar da jirage zuwa Kaduna, kamfanin Julius Berger ya yi aikin, domin titin ya daɗe da wuce shekarun da aka tsara masa. Na Enugu ma an rufe shi a Agustan 2019, sai bayan shekara guda aka buɗe.

Zafi yana cin kwalta ta fuska biyu masu karo da juna. A watan Afrilu, iska in ta kai digiri 42 a Maiduguri ko Sakkwato, fuskar kwalta kan haura 60. Bitumin, wato man kwalta, mai lamba 60/70 da aka saba amfani da shi a hanyoyinmu yana fara laushi ne a wajen digiri 50. To sai sawun taya ya lotsa, ruwa ya samu wurin kwanciya. A ɗaya ɓangaren kuma rana tana busar da man, bayan shekaru ya ƙage, ya tsattsage, tsakuwa ta riƙa ɓallewa. A hanyar mota ɓallalliyar tsakuwa gilashi kawai take fasawa. A titin jirgi injin na iya zuƙe ta ya lalata fukafukansa na ciki.

Maganin lotsawa shi ne bitumin da aka gauraya da robar SBS, kashi 3 zuwa 5 na nauyinsa, wanda ke ɗaga zafin laushinsa zuwa sama da digiri 65. Tsakuwa ta zama fasasshen dutse mai kusurwa. Dutsen siminti ba ya dacewa da saman titi domin taya na goge shi ya yi sulɓi. Dutsen giranit da muke da shi a yalwace yana da ƙarfi, amma ba ya riƙe bitumin sosai in ruwa ya shiga tsakaninsu, don haka a zuba jiƙaƙƙiyar farar ƙasa (hydrated lime) kashi 1 zuwa 2. Man ya kasance kashi 5 zuwa 6 na haɗin, ramukan iska a gwajin ɗakin bincike wajen kashi 3.5, samfurin da ake dannewa a gwajin da ake kira Marshall kuma ya sha bugu 75 kowace fuska. Akwai haɗin SMA mai yawan manyan tsakuwa, da bitumin kashi 6 zuwa 7, da zaren selulos kashi 0.3 don kada man ya tsiyaye. Kaushinsa na iya wadatarwa ba tare da tsagi ba.

Amma a ganinmu ba a takardar haɗi aka fi faɗuwa ba, a wurin shimfiɗa ne. Kwalta ta iso a digiri 150 zuwa 160, rola ta gama danne ta kafin ta sauko ƙasa da 90. Tifa in ta makara, ko aka bar ta ba tamfol, babu rolar da za ta gyara. Sai kuma gaɓar da layi ya haɗu da layi: titi mai faɗin mita 45 ba a shimfiɗa shi a zubi ɗaya, kuma a waɗannan gaɓoɓi tsagewa ke fara bayyana. A yanke gefen da ya huce, a shafa masa mai, kafin a jingina sabon layi. Tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa ma a share ƙura tsaf kafin fesa man ɗauri, in ba haka ba birkin jirgi zai ture ta saman ta zame, ta bar tsagewa mai siffar jinjirin wata.

Tambaya: Ni ɗan kwangila ne a Maraɗi. Tsohuwar kwaltar da aka kankare, ana iya mayar da ita titin jirgi?

Amsa: Ana iyawa, Alhaji, amma ba ko'ina ba. Ƙa'idar Amurka ta yarda da har kashi 30 a shimfiɗun ƙasa da kafaɗun titi, ta hana a shimfiɗar sama da taya ke takawa, saboda tsohon mai ya riga ya ƙage. A tace ta, a rufe tulin daga ruwa, a gwada yawan man da ya rage a ciki, sannan a haɗa da sabon mai mai ɗan laushi. Wadda aka kankaro daga inda jirage ke shan mai a ware ta daban, domin kananzir ɗin jirgi yana narkar da bitumin. Dalilin da ya sa ake yi wa wuraren shan mai daɓen siminti ke nan.

Wata hanyar rage kashe kuɗi, a wannan karon a man da ake ƙonawa wajen dafa kwalta, ita ce kwalta mai ɗumi, wadda ake sa wa kakin da ke ba da damar dafa ta ƙasa da yadda aka saba da digiri 20 zuwa 40. Tana da wata fa'ida ga filin da ke da titi ɗaya tak: tana saurin hucewa. Da irinta aka sake gina wani titi a filin Frankfurt na Jamus tsakanin 2003 da 2005, cikin dare wajen 300, kowane dare a cire mita 15 a zuba sabo, da asuba jirage su ci gaba da sauka a kai.