Tambaya da Amsa: Ya iya ƙirga har hamsin, amma yana gudun lissafi

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ɗana ɗan shekara huɗu ne, yana ƙirga daga ɗaya har hamsin ba gargada. Amma da na ɗauko littafi da fensir na ce ya rubuta lambobi, sai kuka. Ina tsoron kada ya gaje ni, don ni ma lissafi bai taɓa shiga kaina ba. Ya zan yi? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ajiye littafin nan tukuna. Yatsun ɗan shekara huɗu ba su gama ƙwari ba, riƙon fensirin ne yake ba shi wuya, shi kuwa sai ya ɗora wa lissafi laifin.

Ƙirgan hamsin ɗin kuma, kada ki ji haushina, hadda ce. Zuba masa murafen kwalba a gaba ki ce, "Miƙo mini uku." Wata masaniyar tunanin yara a Amurka, Karen Wynn, ta yi irin wannan gwaji a 1990. Ta gano yaro yakan fara sanin "ɗaya" kaɗai, bayan watanni ya san "biyu", sannan "uku", kafin ya gane cewa lambar da ya faɗa a ƙarshe ita ce yawan abin gaba ɗaya. Wanda bai kai nan ba, ko ya haddace ɗari, in kin nemi adadin da bai sani ba tukuna, cika hannu zai yi ya miƙo miki. In naki ya yi haka, ba daƙiƙi ba ne, matakin da yake kenan. Ku riƙa ƙirga tare yana taɓa kowane murfi da yatsa, in kun gama ki tambaye shi, "To, nawa kenan?"

Abin da na fi so ki gwada shi ne wasan gidaje. Ja layi a kwali, ki raba shi gida goma, ki rubuta 1 zuwa 10. Ku jefa kwabo: fuska ɗaya taki ɗaya, ɗayar taki biyu. Sirrin yana wajen tafiyar. In yana kan 3 ya samu taki biyu, "huɗu, biyar" zai ce, ba "ɗaya, biyu" ba. Robert Siegler da Geetha Ramani sun gwada makamancin wannan da yaran da ba su shiga firamare ba, suka wallafa sakamakon a 2008. Zama huɗu na kusan minti 15 ya sa yaran suka ƙara gane wace lamba ce ta fi wata. Ki bar shi ya cinye ki wani lokaci, kuma ki tashi wasan tun yana roƙon a ƙara.

Maganar nan ta "ni ma ban iya ba", ki daina yin ta yana ji, don yaro ba ya manta abin da uwa ta faɗa a kan kanta. In yana da ƙani mai rarrafe, a kwashe murafen da kwabon da zarar an gama.