Wa ke naɗa shugaban 'yan sanda a garin da za ka je?

Salamu alaikum ƙanena. Barka da samun gurbin karatu a Sant Luwis, Allah ya sa albarka. Ka tambaye ni ko Amurka na da Sufeto Janar irin namu, da kuma wanda ke turo wa gari shugaban 'yan sandansa.

Babu Sufeto Janar a nan. A gida, sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak, shi ya sa kwamishinan Kano ko na Sakkwato daga Abuja ake turo shi. Nan kuwa hukumomin 'yan sanda sun kai kusan 18,000, kowace na cin gashin kanta. A yawancin garuruwa magajin gari ne ko manajan gari ke naɗa shugaban. Sherif, wato shugaban jami'an tsaro na gunduma, shi galibi zaɓensa ake yi, har fosta yake mannawa. Sai dai duk wannan da yardar majalisar dokokin jiha ne, don gari ba ya da ikon da jiha ba ta ba shi ba. A jihar Luwiziyana ma, wata doka ta 1898 ta sa ƙananan garuruwa da yawa suna zaɓen shugaban 'yan sandansu da ƙuri'a.

Jihar Misuri da za ka zo, a nan ne rigimar take. A 1861, ana shiga yaƙin basasa, jiha ta karɓe 'yan sandan Sant Luwis ta danƙa su ga hukumar da gwamna ke naɗawa. Aka shafe sama da shekara 150 a haka. A 2012 masu ƙuri'a suka ce a mayar wa birnin, aka mayar a 2013. Ba a jima ba, a 2025 majalisa ta sake yin doka, Gwamna Mike Kehoe ya sa hannu, iko ya koma wa jiha. Masu goyon bayan dokar sun ce aikata laifi ya yi yawa. Shugabannin birnin suka ce harajinsu ke biyan albashi, don me za a hana su ta cewa? Ni dai ina ganin da gaskiyarsu. Kansas Siti kuwa, wani birnin a Misuri, tun 1939 take haka: mutum huɗu na gwamna da magajin gari su ke ɗaukar shugaban.

Abin da ya shafe ka kai tsaye: birnin Sant Luwis daban, gundumar Sant Luwis daban, kuma gundumar cike take da ƙananan garuruwa masu 'yan sandansu, Fagason da ka ji labarin zanga-zangar da aka yi wa 'yan sandanta a 2014 na cikinsu. Jami'arka ma mai yiwuwa tana da nata. Maganar biza kuma ta gwamnatin tarayya ce. Kafin ka biya kuɗin haya, ka bincika ko gidan a cikin birni yake ko a gunduma, sai ka turo mini adireshin in duba maka unguwar.