Hukuncin yawon buɗe ido a Faris: coci, gidan tarihi da sallar matafiyi

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni ɗan Damagaram ne, ina karatu a birnin Liyon na Faransa, shekarata ta biyu ke nan. Bana Allah Ya nufa maiɗakina ta samu biza, za ta zo mini a hutun watan Disamba. Mun shirya mu je Faris mu yi kwana uku, mu hau hasumiyar Ifel, mu shiga cocin Notir Dam da aka gyara bayan gobara, mu ga gidan tarihi na Lubur da fadar Bersai. Akwai kuma wani rami a ƙarƙashin gari da aka jera ƙasusuwan mutane, abokaina sun ce kada in yarda ya wuce ni. Da na faɗa wa wani ɗan'uwa a masallacinmu sai ya ce duk haramun ne, ba a ɗaure kaya sai zuwa masallatai uku, kuma wuraren nan cike suke da gumaka. Ga shi na riga na yanki tikitin jirgin ƙasa. Mene ne hukunci? Kuma zan yi ƙasaru?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Kada ka mayar da tikitinka. Tafiyar halal ce a asalinta, amma wuraren da ka lissafa ba hukuncinsu ɗaya ba, akwai wanda zan ce ka shiga, akwai wanda zan gindaya maka sharaɗi, akwai wanda na fi son ka bar shi.

Ɗan'uwan da ya yi maka magana, Allah Ya saka masa da kishin addini, hadisin da ya kawo ingantacce ne, Buhari da Muslim duk sun ruwaito shi. Sai dai ya ajiye shi a inda ba muhallinsa ba. Abin da aka hana shi ne mutum ya ɗaura niyyar tafiya zuwa wani wuri don neman lada da albarkar wurin, in ba Masallacin Harami da na Annabi (SAW) da na Ƙudus ba. Da ana nufin kowace irin tafiya, da fatauci ya haramta, da neman ilimi ya haramta, da shi kansa mai maganar bai isa Liyon ba. Inda hadisin zai kama mutum a Faransa shi ne irin garin Lurd, can kudu, wanda Kiristoci ke zuwa ziyarar ibada suna ɗibar ruwan wata maɓuɓɓuga don neman waraka. Musulmin da ya je can da wannan niyya, ko ya ce a guzuro masa ruwan "ko Allah zai sa a dace", ya taɓa aƙidarsa. Wanda ya hau hasumiyar Ifel kuwa ba albarka ya je nema ba. Ƙarfe ne aka haɗa a 1889, tsawonsa yanzu mita 330, ku hau ku ga gari ku sauko. Allah Yana cewa a Suratul Ankabut, aya ta 20: "Ka ce ku yi tafiya a bayan ƙasa, ku duba yadda Ya fari halitta."

Akwai malaman da suka tsananta a kan fita daga ƙasar Musulmi zuwa wadda ba ta Musulmi ba don kallo kawai. Shaihu Ibn Usaimin, Allah Ya ji ƙansa, ya sa sharuɗɗa uku: ilimin da zai kare mutum daga shubuha, addinin da zai kare shi daga sha'awa, da kuma buƙata, kuma bai ɗauki yawon buɗe ido a matsayin buƙata ba. Wannan magana da mutumin da zai taso daga Kano ko Maraɗi take yi. Kai kana cikin ƙasar da dalili karɓaɓɓe, abin da ke Faris na fitina akwai irinsa a Liyon, kuma fita da iyali a sha iska yana cikin kyautata zama.

Fadar Bersai ita ce wadda na fi so ku gani, in dai za ku gan ta da idon da ya dace. Sarki Luwi na 14 ya mayar da fadarsa can a 1682, ya gina zauren da aka lulluɓe bangonsa da madubai 357. A watan Oktoban 1789 talakawan Faris, yawancinsu mata masu kukan tsadar burodi, suka taka har can suka taso Luwi na 16 da iyalinsa, a 1793 aka sare masa kai. Yau duk mai kuɗin tikiti yana iya leƙa ɗakin kwanan sarki da takalmi a ƙafarsa. Ɗabari ya kawo a tarihinsa cewa da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya shiga fadar Kisra, sarkin Farisa, a Mada'in sai ya karanta faɗin Allah a Suratud Dukhan: "Da yawa suka bari na lambuna da idanun ruwa, da shuke-shuke da mazauni na alfarma." Ka karanta wa maiɗakinka ayoyin nan a tsakiyar zauren madubin. Kuma kada a ce maka ai an hana shiga gidajen azzalumai. Hadisin da ya hana shiga sai da kuka yana magana ne a kan Hijir, gidajen Samudawa, inda azabar Allah ta sauka ƙarara. Ba kowane kufai ne Hijir ba.

Coci kuwa malamai sun yi saɓani a kanta tun da can. Hanafawa sun karhanta shiga, karhanci mai ƙarfi. Wasu Shafi'awa sun hana idan akwai siffofi a ciki. Hujjarsu maganar Sayyidina Umar da Buhari ya kawo, da ya ce wa Kiristocin Sham ba ma shiga majami'unku saboda gumakan da ke ciki, da kuma cewa Annabi (SAW) bai shiga Ka'aba ranar buɗe Makka ba sai da aka fitar da siffofin da ke cikinta. Hambalawa da Malikawa sun halatta shiga. Su kuma suna kafa hujja da Ummu Habiba da Ummu Salama, waɗanda suka ba Annabi (SAW) labarin wata coci da suka gani a Habasha da zane-zanenta, ya zargi masu zanen, bai zargi matansa a kan gani ba. Ibn Ƙudama ma ya kawo cewa a tafiyar nan ta Umar zuwa Sham, Sayyidina Ali ya shiga cocin da mutane ya ci abincin da aka shirya, yana duban zanen. Abin da mazhabarmu ta Malikiyya ta karhanta a sarari shi ne salla a ciki, kamar yadda duk wanda ya karanta Risala ya haddace a jerin wuraren da aka hana salla.

Abin da na rinjayar: ya halatta ka shiga Notir Dam don ganin gini, wanda aka fara tun 1163, gobara ta cinye rufinsa a Afrilun 2019, aka sake buɗe shi a Disamban 2024. Wanda ya bari don tsantseni ya yi kyau, kada ka raina shi. Amma ka lura da lokacin da ka zaɓa. Notir Dam ba gidan tarihi ba ce, wurin ibada ne mai aiki, kuma a ƙarshen Disamba za ku je, tsakiyar bikin Kirsimeti. Idan kun tarar ana cikin addu'a ko waƙoƙin ibada, ku juya ku dawo wani lokaci, domin Allah Ya siffanta bayinsa a Suratul Furƙan da cewa ba sa halartar ƙarya, kuma a wurin ana jingina wa Allah ɗa. A irin waɗannan majami'u za ka ga kwano da ruwa kusa da ƙofa, mutane na tsoma yatsa suna shafawa a goshi da ƙirji, za ka ga jerin kyandirori a gaban siffar Nana Maryam da akwatin saka kuɗi a gefe. Baƙo da yawa yakan kunna ɗaya don ya ga kowa na yi. Wannan ibadarsu ce, kada ku taɓa ruwan, kada ku kunna kyandir, kada ku rusuna. Haka kuma kada ku yi dariya ko shewa, Allah Ya hana zagin abin bautar wasu a Suratul An'am, aya ta 108.

Gidan tarihi na Lubur ya fi coci wahalar hukunci, ko da yake mutane sun fi tambaya a kan coci. A wajen Malikawa siffar da ta haramta ita ce ta abu mai rai, mai jiki har tana da inuwa, cikakkiya wadda ba a cire mata gaɓar da ba a rayuwa sai da ita ba. Zanen bango ko na ƙyalle bai kai haramun ba. Shaihu Dardir ya ƙara da cewa kallon abin da ya haramta shi ma haramun ne. In aka bi wannan sau da ƙafa, ɗakunan sassaƙe-sassaƙen Girka da Rum sun fita daga lissafinka. (Abin murmushi, shahararriyar siffar nan mai fukafukai da ke saman matattakala ba ta da kai, wato a ƙa'idar fiƙihu ta tsira, tunda Mala'ika Jibrilu cewa ya yi a cire kan siffa ta zama kamar bishiya.) Wasu malaman zamani, musamman na Masar, sun sauƙaƙa, suka ce abin da aka ajiye don ilimi ba don girmamawa ba, ganinsa ba laifi, kuma a ruwayar Ɗabari ɗin nan Sa'adu ya yi salla a fadar Kisra da siffofin mutane da dawakai a jikinta, bai taɓa su ba. Ruwayar tarihi ce, ba ta kai ƙarfin hadisi ba, amma ana jin daɗinta.

Ni a ganina matsalar da ta fi siffa ita ce tsiraici. Da yawa daga cikin sassaƙen da zanen tsirara suke, kuma umarnin runtse ido bai sauka daga kanka don abin dutse ne ba. Gidan yana da girman da ba wanda ke gama shi a yini, dole ka zaɓa, to ka zaɓa da saninka. Ka karɓi taswira a ƙofa ka nufi sashen fasahar Musulunci da aka buɗe a 2012. A can akwai wani ɗan akwati na hauren giwa da aka sassaƙa a Andalus a shekarar 968 don Mugira ɗan Halifa Abdurrahman na 3, da rubutun Larabci kewaye da murfinsa, ga dardumai da fitilun masallatai da tasoshin tagulla na Masar da Sham. Siffar da kuka gifta a hanya ba da nufi ba, babu komai a kanku.

Ramin ƙasusuwan nan ku bar shi. Ba na cewa haramun ne kai tsaye, domin ziyarar kabarin wanda ba Musulmi ba don wa'azantuwa ta halatta, an yi wa Annabi (SAW) izini ya ziyarci kabarin mahaifiyarsa kamar yadda Muslim ya ruwaito. Amma wannan ba kabari ba ne. Ƙasusuwan mutum wajen miliyan 6 ne da aka kwaso daga maƙabartun gari tun 1786, aka jera ƙoƙunan kai da ƙasusuwan cinya kamar itacen girki, har da yi musu ado, mutane na tsayawa a gabansu suna ɗaukar hoto. Annabin da ya miƙe don gawar Bayahude ya ce "ashe ba rai ba ce?", wanda kuma ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana da rai, ban ga yadda mabiyinsa zai biya kuɗi a nuna masa wannan ba. Makaruhi ne a wajena, in aka haɗa da hoto da wasa ya fi muni.

Sai ƙasaru. Tazarar da ake ƙasaru a mazhabarmu mil 48 ce, kilomita 80 da 'yan kai, tsakanin Liyon da Faris kuwa ya haura kilomita 400, ko da jirgin zai kai ku cikin awa 2. Kwana uku bai kai cikakkun kwana huɗun da ke yanke hukuncin tafiya ba. Sai dai Shaihu Halilu, malamin Malikiyya, ya togace mai tafiyar saɓo da mai tafiyar wargi, shi ya sa wasu ke cewa ɗan yawon buɗe ido ba ya ƙasaru. Misalin da masu sharhi suka bayar shi ne mai farauta don nishaɗi kawai. Fita da iyali da nufin hutawa da lura ba ta shiga nan ba, don haka ka yi ƙasaru daga lokacin da kuka bar gine-ginen Liyon. In ka bi limamin gari, ka cika.

A nan ne ma na fi ji maka tsoro, fiye da gumakan. A Disamba rana na faɗuwa a Faris wajen ƙarfe 5 na yamma, Azahar na shiga kusan ƙarfe 1, La'asar kafin 3. Salla uku cikin kusan awa 4, daidai lokacin da kuke kan layin tikiti ko kuna cikin gidan da fita daga shi kaɗai tafiya ce. Wanda ya tsere wa kallon dutse ya bar La'asar ta wuce shi a kan layi, ya gudu daga abin da aka yi saɓani ya faɗa wanda ba saɓani. Ku fita da alwala, ku yi amfani da rangwamen haɗa Azahar da La'asar da aka yi wa matafiyi, ku tsara yininku yadda tsakar rana za ta same ku a masauki ko a masallaci. Babban Masallacin Faris ma wurin gani ne, ban ga ka sa shi a jerinka ba. An buɗe shi a 1926 don tunawa da sojojin Musulmi da suka mutu suna yi wa Faransa yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, hasumiyarsa mita 33, ginin irin na Magrib.

Kasuwannin Kirsimeti da za ku gani a tituna ana sayar da giya mai zafi a kofi, da ƙamshin kayan yaji kamar shayi, ku tambaya kafin ku karɓi komai. Kada ku zauna a teburin da ake shan giya a kansa, ku nisanci unguwar gidajen rawa ta Pigal da cunkoson daren sabuwar shekara. Maiɗakinka kuma ta san cewa hijabi ba a hana shi a titi ba, amma rufe fuska doka ta hana tun 2011, da tarar da ke kaiwa Yuro 150. In mai niƙabi ce kuma tana bin masu ganin wajibcinsa, ku tattauna wannan tun kafin ta taso. Mashhurin mazhabar Maliku shi ne fuska da tafukan hannu ba al'aura ba ne, don haka tana da mafita in ta buɗe.

Allah ne mafi sani.