Tazargade da maganin zazzaɓin cizon sauro: aikin Tu Youyou

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun haɗa magunguna a Samaru. Kakata a Tudun Wada takan dafa tazargade da zarar damina ta kawo zazzaɓi, kuma na ji an ce daga irin wannan tsiro aka samo maganin da asibiti ke bayarwa yanzu. Wa ya yi wannan aiki, kuma me zai hana mu tsaya ga dafawar?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Abin da kika ji gaskiya ne, domin sinadarin atimisinin, tushen wannan magani na asibiti, daga wani tsiro dangin tazargade aka ciro shi, kuma wadda ta ja ragamar aikin wata 'yar ƙasar Sin ce mai suna Tu Youyou, haifaffiyar birnin Ningbo a 1930. A 1967 gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na sirri mai lamba 523 don neman sabon magani, saboda kulorokwin ya daina cin zazzaɓin da ke karkashe sojoji a yaƙin Biyetnam. A 1969 aka ba ta shugabancin wani rukuni a cikinsa, suka tattara haɗe-haɗen gargajiya sama da 2,000.

Da farko tsiron ya yi ta yi masu gardama, yau ya yi aiki a kan ɓeraye, gobe ya ƙi. Sai ta koma ga rubutun wani tsohon masani, Ge Hong, na ƙarni na huɗu, inda ya ce a jiƙa ganyen a ruwa, a matse, a sha. Ta lura bai ambaci wuta ba, ta yi tunanin cewa tafasawar da suke yi ce ke lalata abin da suke nema. Saboda haka ta koma tatsar ganyen da wani ruwan sinadari da ake kira ether a Turance, wanda ke tafasa a ma'aunin zafi 35 kacal, kuma a watan Oktoba na 1971 samfuri na 191 ya kawar da ƙwayar cutar gaba ɗaya a jikin ɓeraye. A 1972 ita da abokan aikinta suka fara sha da kansu kafin a bai wa marasa lafiya. Wannan wuri nakan tsaya a kansa idan ina koyarwa, domin yana taɓa mini zuciya.

Abin da ya burge masana kimiyyar sinadarai shi ne ƙirar sinadarin atimisinin. Kwinin da kulorokwin duka suna ɗauke da naitirojin, amma atimisinin ba shi da shi ko ɗaya. Abin da yake da shi wata 'yar gada ce ta iskar oksijin guda biyu manne da juna. Ƙwayar cutar tana cin jan jini, ta saki ƙarfen da ke cikinsa, wannan ƙarfe ya karya gadar, ɓaraguzan kuwa su afka wa ƙwayar su halaka ta. Sai dai sinadarin ba ya narkewa sosai a ruwa. A 1973 rukunin Tu ya ɗan sauya ƙirarsa ya samar da wani da ya fi shi ƙarfi, wanda daga gare shi ake yin atimita da atisunet, allurar da ke ceto yaran da zazzaɓi ya kai ga suma. A 2015 aka ba ta lambar yabo ta Nobel, alhali ba ta da digirin dakta.

Game da dafawa kuwa, ban raina hikimar kaka ba, amma ba zan ba ki goyon baya ba. Babu mai iya sanin yawan sinadarin da ke cikin ƙullin da aka sayo a kasuwar Sabon Gari, domin ya danganta da irin tsiron da ƙasar da ya fito da daɗewarsa a ajiye. Sannan atimisinin ba ya jimawa a jini, cikin 'yan awoyi yake fita, shi ya sa ake haɗa shi da wani mai daɗewa irin su lumefantirin don ya share ragowar ƙwayoyin. Ɗan kaɗan da ba ya kashewa koya wa cutar juriya yake yi, kuma an riga an ga alamun haka a Kambodiya da Ruwanda da Yuganda, abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince da shan dafaffen ganyen a matsayin magani ba. Idan jikin kaka ya yi zafi, ku kai ta a gwada jini, in an ga ƙwayar ta sha maganin kwana uku cur, ko da ta ji sauƙi tun ranar farko.