Amsa kan masu sharhin besbol a rediyo

Ɗan'uwa, damuwarka ita ce masu sharhin besbol na yanzu sun cika surutu, sai ka daɗe kana sauraro ba ka ji wa ke gaba ba. Na yarda da kai.

Mai sharhi a rediyo shi ne idon mai sauraro. Red Barber, tsohon mai sharhin besbol a Amurka wanda ya koya wa Vin Scully aiki a ƙungiyar Dodgers, yakan ajiye ɗan agogon yashi na minti uku a gabansa, duk lokacin da yashin ya ƙare sai ya maimaita maki. Shi kuwa Scully ya yi shekara 67 yana sharhi, daga 1950 zuwa 2016, kuma ya san lokacin da zai yi shiru ya bar ka ka ji ihun 'yan kallo. Wannan ladabin ne ya yi ƙaranci.

Amma kada ka ɗora wa 'yan yanzu laifin duka. Tun 2023 aka sa wa mai jifan ƙwallo agogo, dole ya jefa cikin daƙiƙa 15 in babu ɗan wasan abokan hamayya a kan bes (wurin da mai gudu ke tsayawa), sai lokacin magana ya ragu, ga tallace-tallace da ake cusa wa masu sharhi. Wani lokacin ma sharhin talabijin ake jonawa a rediyo, kamar yadda aka yi wa magoya bayan ƙungiyar Toronto a 2021, kuma mai talabijin ba ya bayyana abin da hoto ya nuna.

Kada ka yanke wa mutum hukunci da wasa ɗaya, ka saurare shi na mako biyu tukuna. In kuma murya na zuwa a makare ta intanet, wannan matsalar na'ura ce, sai ka tuntuɓi injiniyoyin tashar ko masu kula da manhajar MLB, wato babbar gasar besbol ta Amurka.